Hawan dutse ciki babu komai: tambayoyi da amsoshi kan abin da yake yi wa jiki

Hawan dutse don motsa jiki ya samu karɓuwa a garuruwanmu. Matasan Jos kan haɗu ranar Asabar su nufi duwatsun Shere, 'yan Abuja na da nasu ƙungiyoyin, Zariya ga Kufena, Kano ga Dala da Goron Dutse. Sai wata magana ta biyo baya, wai a hau ba a karya ba, teɓa ta fi saurin narkewa. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma sau da yawa abin da ke kayar da mutum a kan dutse ƙishirwa ce da saukowa, yunwar na biye ne kawai.

Wace irin yunwa ake magana a kanta?

Iri uku ce, haɗa su wuri ɗaya ne ke kawo ruɗani. Akwai wanda ya ci tuwon dare, ya kwana, ya tashi da asuba ya kama hanya bai karya ba, amma da gorar ruwansa a jaka. Cikinsa ya yi awa 10 zuwa 12 babu abinci. Kusan duk binciken da aka yi kan motsa jiki kafin cin abinci, a kan irin wannan mutumin aka yi shi. Akwai mai azumin ibada, na Ramadan ko na Litinin da Alhamis, ba ci ba sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana, wanda a arewacin Najeriya da kudancin Nijar yakan kai awa 13 zuwa 14. Sai kuma masu kwana biyu ko uku ruwa kawai suke sha, salon da ya yaɗu a intanet. Abin da ya tabbata a kan na farko ba a ɗora wa na biyu, domin ruwa ya raba su. Na uku kuwa ba shi da abin yi a kan dutse, ba ma za mu tsaya a kansa ba.

In ban ci komai ba, daga ina ƙafafuna ke samun ƙarfi?

Daga ajiya biyu. Ta farko sukari ne da jiki ke ƙullawa ya adana, sunansa gilaikojin. Hanta na riƙe da kamar giram 80 zuwa 100, tsokoki kuma giram 300 zuwa 500, gwargwadon girman mutum da abin da ya ci jiya. Ta biyu kitse ne, kuma yana da yawan gaske. Ko siririn mutum mai kilo 10 na kitse a jikinsa yana yawo da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) sama da 70,000, alhali gilaikojin duka-duka bai wuce kalori 2,000 da 'yan kai ba.

To me ke sa ƙarfi ya ƙare ga wannan dukiya a ajiye? Gilaikojin tamkar gari ne da aka riga aka niƙa, da ruwa ya tafasa sai talge. Kitse kuwa hatsi ne a rumbu, sai an sussuka, an surfa, an kai inji. Matsakaicin mutum ba ya iya sarrafa fiye da kamar rabin giram na kitse a minti ɗaya, giram 30 ke nan a awa, kalori 270. Hawan tudu da jaka a baya kuwa yana cin kalori 400 zuwa 600 a awa ga mai nauyin kilo 70. Giɓin da ya rage gilaikojin ne ke cike shi, kuma da zarar hanya ta miƙe tsaye, numfashi ya fara sama-sama, kason sukari sai ya ƙaru, na kitse ya ja baya. Tun 1967 wasu masana a Suwidin, cikinsu har da Jonas Bergström da Eric Hultman, suka riƙa ɗebo ɗan ƙwayar tsoka daga cinyar masu tuƙa keke suna aunawa, suka ga juriyar mutum a aiki mai nauyi tana bin yawan gilaikojin da ya fara da shi.

Ga inda abin ya shafi mai tashi da asuba. Barcin dare ba ya taɓa ajiyar tsoka sosai, ta hanta yake ci. Hanta ce ke zuba sukari a jini, jini ya kai wa ƙwaƙwalwa, wadda ke shan kamar giram 120 a rana ko kana zaune ko kana tafe. Tsoka ba ta iya mayar da nata gilaikojin cikin jini, abin da ta ajiye nata ne ita kaɗai. Shi ya sa mai hawa ba karyawa yakan fita da ƙafafu garau amma hanta ta yi ƙasa, kuma kansa ne zai fara gazawa kafin cinyarsa.

Ke nan da gaske kitse ya fi narkewa in ba a karya ba?

A lokacin tafiyar, haka ne. In ciki babu abinci sinadarin insulin yana ƙasa, shi kuwa insulin shi ke tsare kitse a ma'ajinsa. Da ya sauka sai kitse ya fito cikin jini, tsokoki su ɗauka. Wannan babu gardama a kai. Gardamar tana kan abin da ke biyowa, domin jiki ba ya rufe lissafinsa da ƙarfe tara na safe, lissafin kwanaki yake yi. Wanda ya ci kitsensa da safe, in ya sauko ya ci abinci, jikinsa zai fi jingina da sukari sauran yinin, kitsen ya koma mazauninsa.

A 2014 Brad Schoenfeld da abokan aikinsa a Amurka sun raba 'yan mata 20 gida biyu. Duka an rage musu abinci daidai wa daida, duka suna motsa jiki na awa ɗaya sau uku a mako. Rabi kan sha abin kari kafin su fara, rabi sai bayan sun gama. Bayan mako huɗu duka sun ragu, kuma babu wani bambancin a-zo-a-gani a tsakaninsu. Ƙaramin bincike ne, amma waɗanda suka zo bayansa ba su rushe shi ba.

Yi lissafin da kanka ma. Kilo ɗaya na teɓa na ɗauke da kalori kusan 7,700. A kan 270 a awa, sai ka yi tafiyar awa 28 kafin ka cinye shi, shi ma in ba ka mayar ba. Faranti guda na masa da miyar taushe da lemon kwalba a gindin dutse sun isa su shafe aikin safiyar. Abin da ke rage tumbi shi ne jimillar abin da aka ci da abin da aka kashe a tsawon makonni.

Amma na hau sikeli bayan na sauko na ga na ragu kilo biyu.

Ruwa ne. Gumi ya ɗauki mafi yawansa, sauran kuma ya tafi tare da gilaikojin, domin kowane giram ɗaya na gilaikojin yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Ka ci ka sha, jibi sikeli zai dawo inda yake. Wannan kilo biyun bashi ne da za ka biya jikinka yau, kada ka ɗauke shi riba.

To babu wani amfani ke nan?

Akwai, sai dai a jini yake, madubi ba ya nuna shi. A jami'ar Leuven ta Beljiyam, a wani bincike da aka buga a 2010, an yi wa wasu samari ɗura da abinci mai maiƙo fiye da bukatarsu har mako shida. Waɗanda ke motsa jiki kafin karin kumallo su suka fi riƙe ikon jikinsu na kwashe sukari daga jini. A 2019 masana a jami'ar Bath ta Ingila suka gwada maza 30 masu ƙiba, su ma mako shida. Masu motsa jiki kafin kari sun narkar da kitse ninkin na masu yi bayan kari a lokacin motsa jikin, jikinsu kuma ya fi jin insulin, amma a nauyi babu bambanci. Ga wanda ciwon suga ke bin danginsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A dai lura, a kan keke da injin gudu aka yi waɗannan gwaje-gwaje, cikin ɗaki, na lokacin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba, da ruwa a kusa. Babu wanda aka kai ƙololuwar dutse aka bar shi ya sauko.

Za ka kuma ji ana cewa yunwa na sa ƙwayoyin jiki su cinye dattin cikinsu, ana kafa hujja da kyautar Nobel da Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu a 2016. Aikinsa gaskiya ne, amma a kan ƙwayoyin yis ya gina shi. Jadawalin da ake yaɗawa na cewa a awa kaza abu kaza zai fara a jikin ɗan Adam, masu talla ne suka tsara shi.

Awa nawa zan iya yi ba tare da na ci ba?

Mai lafiya wanda ya ci abincin dare sosai, yana tafiya a hankali yadda zai iya hira ba tare da haki ba, kuma yana shan ruwa, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba za ta dame shi ba. Daga nan sai a fara sa wani abu a baki. Masana abincin 'yan wasa na ba da shawarar giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa in aiki ya yi tsawo, wato kamar ayaba biyu, ko cike da tafi na dabino, ko 'yan dunƙulen fura.

Kuskuren da aka fi yi wajen ƙiyasta lokaci ne. Akwai tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: a ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ƙa'idar ba ta lissafa hutu ba, ba ta lissafa ɗaukar hoto ba, ba ta san da abokin da takalminsa zai yage ba. Tafiyar da aka ce ta awa ɗaya ce takan zama ta uku. Don haka ko da niyyar ba za ka ci ba ka fito, abinci ya kasance a jakarka.

Tsawon dutsen yana canza lissafin?

Sosai, amma a san wane dutse. Garin Jos yana kan kamar mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere mita 1,829. Mafi tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419, a Nijar kuma na Bagzan a yankin Ayar, mita 2,022. Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa yakan fara ne daga kamar mita 2,500, saboda haka duwatsunmu na gida ba su cika kaiwa can ba. Abin da ke wahalar da mutum a kansu nisa ne da rana. Chappal Waddi tafiyar kwanaki ce, wadda ba a yin ta da wasan yunwa.

Wanda ya nufi Dutsen Kamaru mai sama da mita 4,000, ko Kilimanjaro mai mita 5,895, ya ajiye wannan magana tun daga gida. A can iskar oksijin ta yi ƙaranci, kuma sukari ya fi kitse arhar iska: lita ɗaya ta oksijin na fitar da kalori kusan 5 daga sukari, 4.7 daga kitse. Sanyi na ƙaruwa da kamar digiri 6.5 a kowane mita 1,000, rawar ɗari kuma ita ma gilaikojin take ci. Ga shi tsawo da kansa yana kashe sha'awar abinci, har jagororin tafiya kan yi fama da mutane su ci. Mafi muni, alamomin ciwon tsawo, wato ciwon kai, tashin zuciya da jiri, su ne dai alamomin faɗuwar sukari da na ƙarancin ruwa. Mai yunwa a mita 4,000 ba zai iya tantance wanne ke damunsa ba, alhali in ciwon tsawo ne maganinsa saukowa ne nan take.

Na ji an ce saukowa ta fi hawa hatsari. Ba ita ce mai sauƙi ba?

Ga huhu mai sauƙi ce. Ga gwiwa da ƙwaƙwalwa ita ce aikin. Nazarin haɗurran masu tafiyar ƙafa a duwatsun Ostiriya ya nuna kusan uku cikin huɗu na faɗuwa a saukowa suke faruwa. A gangara kowane taku hukunci ne: ina zan sa ƙafa, wannan dutsen zai riƙe ni, tsakuwar nan za ta zame? Duk aikin kai ne, kuma yana zuwa daidai lokacin da hanta ta kusa ƙarewa, rana ta ɗaga, cinya ta fara karkarwa. Mutumin da sukarinsa ya yi ƙasa ba ya sanin tunaninsa ya yi nauyi, gani yake lafiya lau yake, sai dai a ga ya cika tuntuɓe da saurin fushi.

In za a bi ra'ayina, mai son ribar hawa ba karyawa ya hau da yunwarsa, ya karya a sama, ya huta minti goma sha biyar, sannan ya sauko. Ya samu abin da ya je nema, kuma bai sayi targaɗe ko karaya da shi ba.

Da azumin Ramadan fa? Hakeem Olajuwon ai da azumi yake wasa.

Haka ne. Olajuwon, haifaffen Legas, ya zama gwarzon wata na gasar ƙwallon kwando ta Amurka a Fabrairun 1995, watan da ya faɗo cikin Ramadan. Sai dai a cikin ɗaki mai sanyi yake wasa, da likitoci a gefensa, yawancin wasannin kuma da dare ne. In ya ji jiri, benci na nan taku biyar. A kan dutse babu benci.

Matsalar mai azumi ruwa ce. Mai hawa kan zubar da gumi rabin lita zuwa lita biyu a awa, gwargwadon zafi da nauyin aiki. Da zarar ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, kilo 1.4 ke nan ga mai kilo 70, ƙarfi da natsuwa sun fara raguwa, bugun zuciya ya ƙaru, jiki ya rage iya sanyaya kansa. A bazara awa ɗaya ko biyu ta isa a kai nan. Da hunturu ma ba a tsira ba, busasshiyar iska na kwashe gumin kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi ba. Kuma ba a tara ruwa da sahur. In ka ɗura lita biyu a tashi ɗaya, ƙoda za ta fitar da rarar kafin hantsi. Abin da ya fi shi ne sha kaɗan-kaɗan tun daga buɗa-baki, da sahur mai ɗan gishiri.

Lokuta uku ake da su. Bayan sallar asuba akwai sanyi, ciki ma da sahur, amma duk gumin da ya fita sai magariba za a mayar, awa goma sha wani abu ke nan. Bayan tarawih an ci an sha, sai dai duhu, ga macizai, ga batun tsaro da kowa ya san halin da ake ciki a wurare da yawa. Saura awa ɗaya kafin shan ruwa shi ya fi dacewa, a kan ƙaramin dutse da aka san hanyarsa, irin Dala, da ruwa da dabino a jaka. A tuna cewa a ƙasashenmu duhu ba ya jira, da rana ta faɗi minti ashirin da 'yan kai gari ya rufe, don haka a riga ta saukowa. Doguwar tafiya ta yini guda kuwa a bar ta sai bayan Sallah.

Ta fuskar addini, rangwamen da ke cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, na marar lafiya ne da matafiyi, kuma zagayen dutsen bayan gari ba tafiya ba ce. Wanda ya kai ga tsoron halaka, malamai sun ce ya sha ruwa ya rama daga baya. Amma mutum ya jefa kansa cikin wannan hali da gangan saboda nishaɗi, wannan tambaya ce da zai kai wa malaminsa kafin ya ɗaura takalmi.

Zan je Umara da azumi, ina son in hau zuwa Kogon Hira.

Dutsen Nur, inda kogon yake, yana da tsawon kamar mita 640 daga teku, hanyarsa matakala ce mai miƙewa, hawan kan ci awa ɗaya zuwa biyu, inuwa kuma ba ta da yawa. Hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara. Zafin Makka ba abin gwada ƙwanji ba ne: a Hajjin 2024 ya kai digiri 51.8, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mahajjata 1,301. In ziyarar ta zama dole a ranka, ka yi ta da dare bayan ka sha ruwa, da tocila da takalmi mai riƙo, kuma ka ajiye ƙarfin ɗawafi da sa'ayi, waɗanda su ka je yi.

Yunwar ba za ta cinye mini tsoka ba?

Safiya ɗaya ba za ta yi ba. In sukari ya yi ƙaranci hanta na ƙera sabo daga wasu abubuwa, ciki har da furotin, sinadarin da ke gina tsoka, kuma in gilaikojin ya ƙare kason furotin a cikin abin da jiki ke ci kan tashi zuwa kamar kashi 10 cikin 100. Wanda ya sauko ya ci da kyau zai mayar. Wanda tsokarsa ke zaizayewa shi ne mai haɗa uku: hawa da yunwa kullum, rage abincin rana, da ƙarancin barci.

Me zan ci in na sauko?

Abu uku jiki ke bi bashi: ruwa da gishiri, sitaci, da furotin.

Ruwa tukuna. Ga kowane kilo ɗaya da sikeli ya nuna ka rasa, ka sha lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, a rarrabe cikin awoyi. Ruwa zalla mai yawa a tashi ɗaya bayan gumi mai yawa na iya tsinka gishirin jini, don haka a haɗa da abinci. In gumin ya yi tsanani, ruwan gishiri da sukari da ake ba yara masu gudawa yana aiki: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari shi ne alƙali. In ya koma fari-fari, an biya.

Sitaci ya danganta da gobe. In gobe ma akwai hawa, a fara ci da wuri, kamar giram ɗaya ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace awa, na 'yan awoyin farko, domin a lokacin ne tsoka ta fi saurin cika ma'ajinta, kuma jinkirin awa biyu na rage wannan saurin da kusan rabi. In gobe hutu ne, babu gaggawa, abinci isasshe na yini ɗaya zai mayar da gilaikojin. Furotin kuwa giram 20 zuwa 30 a zama ɗaya, a maimaita sau uku ko huɗu a yini. Ƙwai uku na ba da kusan 18.

Ba sai an sayi garin furotin na gwangwani mai tsada ba. Fura da nono ta haɗa ruwa, sitaci da furotin a ƙwarya ɗaya. Kunun gyaɗa da ƙosai, shinkafa da wake da ƙwai, dankali da kifi, ɗan kilishi saboda gishirinsa, duk sun wadatar.

A nan ne mai azumin da ya hau da safe ke biyan kuɗin: tsokarsa na jiran kayan gyara har magariba, ga barcin Ramadan a gutsure. Irinsa ya raba cinsa uku, buɗa-baki, bayan tarawih, da sahur, kowanne da furotin a ciki, kuma kada ya jera hawa kwana biyu.

Jikina ya yi tsami kwana biyu. Yunwar ce?

Gangarar ce. In kana saukowa tsokar gaban cinya na aiki tana miƙewa lokaci guda don ta taka maka birki, wannan kuma na yi mata ƙananan yagewa. Tsamin kan kai ƙarshensa tsakanin awa 24 da 72, sannan ya lafa, kuma in ka koma dutsen bayan mako ɗaya ko biyu ba zai kai na farko ba. Rashin ci na jinkirta gyaran ne kawai.

Kada a yi saurin haɗiyar ibuprofen ko diclofenac jiki babu ruwa, ciki babu abinci. Suna takura ƙodar da ta riga ta wahala, suna kuma tayar da gyambon ciki. Sannan in ciwon ya wuce misali, cinya ta kumbura, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, wannan ya wuce tsami. Tsoka ce ke narkewa tana zuba cikin jini, tana iya kashe ƙoda, sai asibiti a ranar.

Su wane ne bai kamata su gwada ba?

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil. Waɗannan na ci gaba da saukar da sukari ko an ci ko ba a ci ba, hawa kuma na ƙara saukar da shi, har cikin daren da ya biyo baya. Ƙa'idar likitocin suga kan azumi ita ce a karya in na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 a ma'aunin mg/dL. Mai shan metformin kaɗai hatsarinsa bai kai haka ba, amma shi ma ya ji ta bakin likitansa.

Mai sikila, SS ko SC, ƙarancin ruwa da sanyi da gajiya su ne masu tayar masa da ciwo, dutse kuma ya tara su duka. Har mai AS, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke nan a Najeriya, ya san matsayinsa. Yawancinsu ba sa ganin komai har ƙarshen rayuwa, amma tsawo da aiki mai tsanani da ƙishirwa in sun haɗu na iya toshe jinin saifa. Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon Amurka mai AS, ya rasa saifarsa bayan wasan da ya buga a 2007 a Denver, birnin da ke kan kamar mita 1,600, wanda bai ma kai ƙololuwar Shere ba. Ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu a kan tudu ba na a daure ba ne.

Sai mai juna biyu da mai shayarwa, yaran da ba su gama girma ba, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai hawan jini da ke shan maganin sa fitsari, da wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ko gudawa ba. 'Yar'uwa mai yawan motsa jiki, in kika ga al'adarki ta fara tsallake ko ta ɗauke, jiki ne ke cewa abincin bai isa aikin ba. Ƙashi ne ke biyan wannan a hankali, ki ƙara ci, ki ga likita.

Goro ko baƙin shayi kafin in fita?

Ga wanda ya saba, babu laifi, suna ɗan rage jin gajiya. Ba abinci ba ne dai, kuma suna iya rufe maka alamar da ya kamata ka ji. Mai gyambon ciki ya bar su sai ya ci wani abu.

Abokin tafiyata ya fara jiri yana maganar da ba ta da kai. Me zan yi?

Tsayar da shi nan take, kai shi inuwa nesa da bakin gangara, ka kwantar da shi ka ɗan ɗaga ƙafafunsa. In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, ba shi sukari mai saurin shiga jini, kamar giram 15: ƙaramin cokali huɗu na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo. Jira minti 15, in bai dawo daidai ba ka ƙara. Da ya warware ya ci wani abu mai nauyi, kuma tafiyar ta ƙare, saukowa za ku yi, kana gabansa. In azumi yake kuma yana musu, kada ka biye masa, musun ma yana cikin alamomin.

In jikinsa ya ɗau zafi rau, ga ruɗewa, kuma sukarin bai canza komai ba, ka ɗauka bugun zafi ne, wanda ke kisa cikin ɗan lokaci. Rage masa kaya, kwarara masa ruwa a jiki, musamman wuya, hammata da matsematsi, a yi ta fifita, wani kuma ya nemi taimako tun yanzu. Sanyayawa ake fara yi kafin ɗauka. In ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko madara a baki, zai shaƙe su tafi huhu. A juya shi ya kwanta a gefensa, a duba yana numfashi, a ci gaba da sanyaya shi har a isa asibiti.